Kwamfuta A Kan Tebur, Kantar Magani Babu Kowa: Wa Ake Yi Wa Kwalliyar?



A damanar da ta wuce, cikin watan Agusta, lokacin da masassarar cizon sauro ke kayar da yara gida-gida, na ɗauki ƙaramar ɗiyata zuwa wata likitar karkara a nan ƙasar Dakoro. Ba zan ambaci garin ba, domin ma'aikatan wurin ba su yi mani laifin komai ba, sun yi iyakar abin da ƙarfinsu ya kai. Majo ya nemi karnen yarinya. Na miƙa masa abin da ya rage, don ruwan da ya yoyo ta rufin ɗakinmu ya jiƙe shi, tawada ta narke, shafuka sun manne. Ya tambaye ni maganin da aka ba ta watan jiya, na kasa tuna sunansa. Ya jawo babban kundi yana bin shafi-shafi yana neman sunanta, layin mata kuwa a bayana ya kai har gindin bedi.

A kusurwar ɗakin akwai kwamfuta lulluɓe da zane. Na ce, "Majo, waccan fa, ba ta san sunan ɗiyata ba?" Ya yi murmushi ya ce wani shiri ne ya kawo ta, shirin ya ƙare, batirin hasken rana ya mutu, wanda aka koya wa aiki da ita kuma an yi masa canjin wurin aiki. Aka ɗiba jini, gwaji ya nuna masassarar ce. Sai ya rubuta mani takarda ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ɗaya daga cikin magungunan ya ƙare mana, sai ka saya a gari." Yarinyar shekararta 3, dokar ƙasa kuwa ta ce kyauta za a yi mata magani.

Na kawo wannan labari ne saboda kalmomi biyu da suka cika bakin masu zuwa tarukan ƙara wa juna sani a manyan otel-otel: manhajar tafiyar da asibiti, da takardar shaidar inganci. Ana gaya mana cewa da zarar asibiti ya samu waɗannan biyun, ya kama hanyar ɗorewa. Ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina.

Bari mu fara da bayyana su, don kada a riƙa ruɗa mu da manyan kalmomi. Manhajar tafiyar da asibiti tsari ne da ake sakawa a kwamfuta ko a wayar hannu, mai riƙe sunan majinyaci da tarihin ciwonsa, da sakamakon gwaji, da lissafin maganin da ya shigo da wanda ya fita, da kuɗin da aka karɓa da wanda ake bin bashi. Takardar shaidar inganci kuwa, wasu masu bincike ne daga waje ke zuwa da jerin ƙa'idoji, su duba tsabta da ruwa da ajiyar magani da yadda ake karɓar marar lafiya, in an cika su sai su ba da shaida. Duka biyun abubuwa ne masu amfani. Rigimata da masu tallarsu ita ce sun ɗora rufi kafin a yi gini. Kwamfuta tana ƙirga abin da ke akwai, mai bincike yana auna abin da ya tarar. In kanta babu magani, kwamfuta za ta faɗa maka babu magani cikin sauri da kyakkyawan rubutu, shi ke nan aikinta.

Abin da ke riƙe likita ta ɗore abu uku ne da kowace uwa ta sani: magani a kanta, ma'aikaci a bakin aiki, da kuɗin da ke komowa a kan lokaci don a sake sayen maganin. Tarihin ƙasarmu ya riga ya koya mana wannan darasi.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka fito da tsarin da ya ce jama'a su riƙa biyan wani abu a likita, kuɗin kuma ya zama jarin sake sayen magani, a ƙarƙashin kwamitin mutanen gari. Daga nan muka gaji kwamitin da ake kira COGES. Tsarin ya sa magani ya zauna a kanta, amma ya kori talakan da ba shi da ko dala. Sai gwamnatin marigayi Tanja Mamadu ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, a 2006 kuma ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Wannan mataki ya ceci rayuka. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar sun sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma maganin kyauta da gidajen sauro da yawaitar ƙananan likitocin karkara suna cikin dalilan da aka lissafa.

To ina gizo ke saƙar? Kyautar ga iyaye ce, amma dole wani ya biya. Tsarin shi ne likita ta yi wa yaro magani, ta cika takardun neman biya, takardun su hau zuwa gunduma, daga nan zuwa jiha, daga nan zuwa Yamai, sannan baitulmali ya mayar da kuɗin. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, cikinsu har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi diddigin wannan tsari shekara da shekaru, suka nuna yadda biyan ke jinkiri na watanni, wani lokaci na shekaru, har bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa. Likitar da ta ba da magani ba a mayar mata da kuɗinsa ba, jarinta ya narke. Wannan shi ne asalin takardar da majo ya miƙo mani. Yanzu an kafa hukumar INAM don ta riƙe wannan biya, kuma tun 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Iyaye sun ji daɗi, ni ma na ji. Sai dai kowane rangwame da aka yi wa majinyaci bashi ne a wuyan gwamnati, kuma in bai komo wa likita a kan lokaci ba, kanta ce za ta biya shi.

Saboda haka duk wanda ya zo mana da manhaja, tambayar farko da ya kamata mu yi masa ita ce: shin za ta sa takardar neman biya ta likitar Kornaka ko Sabon Mashi ko Birnin Lalle ta isa inda za ta je cikin kwanaki, a ga ranar da ta shiga, a ga teburin da ta kwana, a ga ranar da aka biya? In amsarsa e ce, maraba da shi. In kuwa aikinta kawai ta fitar da zane-zane masu launi da za a haska a bango a taron Yamai, to ba don mu aka kawo ta ba.

Ba yau muka fara ganin kwamfuta a harkar lafiya ba. Ma'aikatar lafiya ta Nijar na tattara alƙalumanta da manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, kyauta ce, kuma ƙasashe da dama a Afirka da Asiya suna aiki da ita. Ta taimaka wajen sanin yawan masu masassara da yawan yaran da aka yi wa rigakafi a kowace gunduma. Amma ku tambayi kowane ma'aikacin likitar karkara yadda ƙarshen wata yake gare shi. Yakan zauna da kundaye yana ƙirga layuka har dare don ya haɗa rahoto. Alƙaluma suna hawa sama, abin da ke saukowa ƙasa kaɗan ne. Mu malamai mun san wannan ciwo, domin mu ma muna cika takardun ƙididdigar ɗalibai kowace shekara, muna rubuta cewa babu tebura, babu littattafai, aji na zana ne, shekara ta juyo mu sake rubuta haka. Ƙirga rashi ba ya kawar da shi sai akwai wanda aka ɗora wa alhakin amsawa.

Sai maganar wanda ke riƙe da kayan. Mutanen Dakoro ba sa bukatar a ba su labarin taimakon waje. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Maraɗi da Dakoro da wasu garuruwa, kuma a wannan shekara ta yi jinyar yara sama da 60,000 a faɗin ƙasa. Akwai samari da ƴan mata a azuzuwanmu da gidajenmu da ke raye yau ta dalilin wannan aiki, bayan ikon Allah. Amma a 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi, kafin shekara ta ƙare ya tattara ya tafi. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje da sa hannu guda, shirye-shiryen lafiya a ƙasashe da yawa suka tsaya cik. Ba ina zargin mai taimako ba ne. Mai taimako baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Manhajar da lasisinta da gyaranta da albashin mai kula da ita duk suna cikin aljihun baƙo, ranar da ya tafi za a lulluɓe ta da zane. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ko wutar da za ta kunna ta ma abin dubawa ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da take ba mu, wanda shi ne kaso mafi yawa na abin da ƙasar ke amfani da shi, bai dawo ba sai a farkon 2024 bayan an ɗage takunkumi. In manyan birane sun zauna cikin duhu, me za a ce da likitar da ke bayan kwarin Tarka, inda ko kiran waya sai an hau tudu?

Ga misalin fasahar da ta ɗore. Ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa da abokiyar aikinta ALIMA, waɗanda suka yi aiki a Mirriya da nan Dakoro, sun koya wa iyaye mata auna damtsen yaransu da ɗan tsiri mai launi uku: kore, ɗorawa da ja. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, a garzaya likita. Binciken da aka yi a gundumar Mirriya ya nuna uwaye suna iya wannan awo daidai da ma'aikatan sa-kai da aka horar, yau kuma ƙasashe da yawa sun ɗauki dabarar. Me ya sa ta kama? Ba ta cin wuta, ba ta da lasisi, tana hannun wadda abin ya fi shafa, kuma sakamakonta yana kai ga aiki nan take. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna kowace manhaja.

Mu koma ga takardar shaidar inganci. Malamai, ku tuna ranar da aka ce sufeto zai zo lakwal. A share fili, a aro tebura daga ajin da ba za a shiga ba, a cika kundin darussa na mako uku a dare guda, a zaɓi yaran da za su ɗaga hannu. Sufeto ya zo, ya yaba, ya sha ruwa, ya tafi, washegari tebura su koma inda aka aro su. Binciken asibiti da ake sanar da ranarsa tun wata guda haka yake zama. Manyan takardun shaida irin na hukumar JCI ta Amurka kuwa an tsara su ne don manyan asibitoci masu kuɗi, kuma neman su na cin dukiya mai yawa. A ce likitar da ke sayen ruwa a jarka ta bi wannan layi, wasa ne da hankalin mutane.

Amma akwai hanyar da ta dace da irinmu, kuma a Afirka aka gwada ta. A 2009 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito da tsarin taurari ga ɗakunan gwaje-gwaje, daga tauraro 1 zuwa 5, ana hawa mataki-mataki. A 2011 aka kafa tsarin SafeCare mai matakai biyar don ƙananan asibitoci masu ƙarancin kayan aiki, ana amfani da shi a Najeriya da Gana da Kenya da Tanzaniya. Gwamnatin Tanzaniya ma da kanta ta shiga ba likitocinta na matakin farko taurari tun daga 2015. Hikimar a nan ita ce ba a cewa ka ci ko ka faɗi. Ana nuna maka inda kake, da abu na gaba da za ka gyara. Kowane malami ya san cewa haka ake koyar da yaro.

Na san akwai masu cewa, to a bar mu da kundinmu da alƙalaminmu, kwamfuta kayan birni ce. Waɗannan ma ban bi su ba. Karnen ɗiyata da ruwa ya cinye shi ne amsarsu. Ƙasarmu ƙasar makiyaya ce: Fulani da Buzaye suna hawa arewa wajen Bermo da Gadabeji da damana, su gangaro kudu da rani. Yaron da aka yi wa allurar farko a wata likita, ta biyu za ta same shi a wata, babu wanda ya san abin da aka ba shi. Macen da naƙuda ta yi wa gardama aka ɗauke ta zuwa Dakoro, ko daga Dakoro zuwa Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100, sau da yawa ba ta isa da komai sai ƴar takarda mai layi biyu. Maganin rigakafin masassara da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damana yana bukatar a san wanda ya sha da wanda ya tsallake. Kuma kundin takarda ya fi sauƙin ɓoye maganin da ya bi ta ƙofar baya ya ɓulla a tiren mai talla a kasuwa. Duk waɗannan wurare ne da manhaja za ta yi aikin da alƙalami ba zai iya ba. Muna son ta, da sharuɗɗanmu.

Sharaɗi na farko, ta fara da kantar magani da takardun neman biya, kafin komai. Ta yi gargaɗi tun magani bai ƙare ba, gargaɗin kuma ya faɗa a hannun wani mai suna da muƙami wanda za a iya tambaya.

Na biyu, ta yi aiki ko babu intanet, a kan waya ko ƙaramar na'ura, ta aika bayanai in an samu layi. Kuɗin sauya batiri da gyara su kasance a rubuce cikin kasafin gunduma ko na ƙaramar hukuma tun ranar da aka kawo ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, bayanan na ƙasa ne da na majinyata. Kada kamfani ko ƙungiya su riƙe makullinsu. Ciwon mutum sirrinsa ne, a garin da kowa ya san kowa kuwa fallasar sirri na iya kashe aure. A saka hukumar da ke kare bayanan jama'a cikin maganar tun farko.

Na huɗu, a koya wa mutum uku ko huɗu a kowace likita, a haɗa da matasan garin da suka yi karatu suke zaune babu aiki, don canjin wurin aikin mutum ɗaya kada ya kashe tsarin. Kuma a sauke wa ma'aikaci wani kundi in an ɗora masa na'ura, kada a bar shi yana rubuta abu guda sau biyu alhali layi na jira.

Na biyar, binciken inganci ya zama na mataki-mataki, a zo ba sanarwa, a tambayi abin da ya dame mu: kwana nawa aka yi babu maganin masassara a wata ukun da suka wuce? Akwai ruwa da sabulu a ɗakin haihuwa? Firjin allurai na aiki? Wa ke kwana a bakin aiki? Sakamakon a liƙa shi a ƙofar likita da Hausa, a karanta a rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Kuma ma'aunin ya hau sama: in an ba majo maki a kan tsabta, a ba ofishin da ke sama da shi maki a kan yawan kwanakin da ya riƙe kuɗinsa. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi. Wannan ma maki ne da ya kamata a liƙa a bango.

Mu kuma namu aikin fa? Malam, kai ne mai karatu a garin da kake. In an kira taron kwamitin likita, ka je, ka nemi a karanta lissafi, ka fassara wa mutane. In baƙi sun zo da na'ura da jawabi, bayan an gama tafi ka ɗaga hannu cikin ladabi ka tambaya: wa zai biya in shirinku ya ƙare, wa ke riƙe da bayanan, yaushe za mu ga sakamako? Ka ɗauki minti goma a aji ka nuna wa yara darajar karnen ƙannensu. Iyaye, a saka karne a leda, a ajiye shi inda ake ajiye takardar haihuwa, mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi. In an ce magani ya ƙare, kada a huce a kan majo, a tambaye shi tun yaushe, a kai maganar gaban kwamiti da magajin gari.

Ɗiyata ta warke, alhamdu lillahi, don ina da jika biyun da na sayi maganin. Matar da ke bayana a layi, goye da yaro jikinsa kamar garwashi, na ga ta karɓi irin takardata ta ƙulle a bakin zane ta kama hanyar ƙauyensu, ba ta nufi wajen mai magani ba. Duk wanda zai yi mana maganar ɗorewa, ya fara gaya mana abin da manhajarsa da takardar shaidarsa za su canza wa wannan mata a damana mai zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa ma'aikatan da ke kwana a kansu da alheri.